Daga Garken Shanu Zuwa Zauren Majalisa: Sharhi Kan Siyasar Deb Fischer ta Nebraska

A yankin Sandhills na jihar Nebraska a Amurka, shanu kan fara haihuwa tun sanyi bai saki ba, daga wajen ƙarshen Fabrairu har cikin Afrilu. A wannan tsakani mai garke ba ya barcin kirki. Zai tashi da tsakar dare, ya zura takalmi da rigar sanyi, ya ɗauki tocila ya zaga cikin karsanan da za su yi haihuwar fari, domin in maraƙi ya sarƙe, ko ya faɗo kan dusar ƙanƙara uwar ba ta lashe shi da wuri ba, kafin gari ya waye ya sandare. Wanda aka tsinta da sauran numfashi sai a jefa shi cikin a-kori-kura, wani lokaci har ɗakin girki ake kai shi a goge shi da tsumma ya ji ɗumi. Abincin shekara na gidan yana wuyan waɗannan maruƙa, don galibi sau ɗaya ake sayarwa, da kaka.

A daidai wannan lokaci ne kuma majalisar dokokin jihar take zama a birnin Lincoln. Takan buɗe a farkon Janairu, ta yi zaman kwana 90 a shekara ɗaya, kwana 60 a mai bi mata. Daga garin Valentine, hedkwatar gundumar Cherry, zuwa Lincoln tafiyar kusan mil 300 ce, awa biyar a mota in hanya ta yi kyau. Albashin ɗan majalisa kuwa dala 12,000 ne a shekara, kuma tun 1988 bai motsa ba. Mai karatu ya haɗa waɗannan abubuwa uku, lokacin zama da nisan hanya da ƙarancin albashi, zai gane tun daga nan wane irin mutum ne zai iya wakiltar karkarar Nebraska. Sai wanda yake da mai tsare masa garke, kuma yake da abin da zai ci ko da majalisa ba ta ba shi sisi ba. Yaron shanu da ake biya a wata ba ya cikin lissafi.

Deb Fischer tana da mai tsare mata garke: mijinta Bruce da 'ya'yansu maza uku. Ta wakilci mazaɓa ta 43 daga 2005 zuwa 2013, daga nan ta haye Majalisar Dattawan Amurka, inda take har yanzu. Na zaɓi labarinta ne saboda ya tattara kusan duk abin da ke cikin siyasar masu kiwo a yammacin Amurka, mai daɗinsa da marar daɗinsa.

Sai dai kafin mu yi nisa a gyara fahimta. In aka ce makiyayi a wajenmu, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne mai sanda a kafaɗa, yana bin burtali, yau nan gobe can. Na Sandhills mai ƙasa ne da takardar mallaka, ya kewaye dubban eka da waya mai ƙaya, yana biyan haraji, yana da bashin banki, shanunsa na ɗauke da lambar da ya yi wa rajista a hukuma. Sandhills ɗin kanta tuddan yashi ne da ciyawa ta riƙe, irin abin da Bahaushe zai kira jigayi, kuma ta cinye kusan kashi ɗaya bisa huɗu na jihar. Garma ba ta ci a wurin. In aka yi huɗa, iska ta kwashe ƙasar. Amma a ƙarƙashinta akwai ruwan Ogallala, ɗaya daga cikin manyan taskokin ruwan ƙarƙashin ƙasa na duniya, shi ya sa ko'ina ka duba za ka ga famfon iska yana juyawa yana cika kwamin shan ruwa. Gundumar Cherry kaɗai ta fi jihar Connecticut faɗi, amma mutanenta ba su kai 6,000 ba. Wasu gundumomin maƙwabta ko 500 ba su cika ba. Jihar gaba ɗaya tana da mutane kusan miliyan biyu, shanu kuwa sun haura miliyan shida.

Yadda ƙasar ta zo hannun masu ita ma abin lura ne, domin zai dawo mana a gaba. Asalinta wurin farautar ƙabilun Lakota da Pawnee ne, 'yan asalin ƙasar, kuma har yau yankin Rosebud da aka keɓe wa Lakota yana nan 'yan mil kaɗan arewa da Valentine, a tsallaken iyakar Dakota ta Kudu. Bayan an kawar da su, gwamnatin tarayya ta riƙa rabon fili kyauta. Dokar 1862 eka 160 take bayarwa, wanda a cikin yashi ba ya riƙe iyali, don haka a 1904 ɗan majalisa Moses Kinkaid ya samo dokar da ta ɗaga rabon zuwa eka 640. Ko hakan bai ishi yawancin waɗanda suka zo noma ba. Suka sayar wa masu shanu suka kama gabansu, manyan gandayen kiwo na yau suka tashi a kan kufansu.

Ita Fischer ba a cikin shanu aka haife ta ba. 'Yar birni ce, an haife ta a Lincoln a 1951. Mahaifiyarta malamar firamare ce, mahaifinta Jerry Strobel injiniya ne da ya kai ga shugabancin ma'aikatar hanyoyi ta jihar. Aure ne ya kai ta Valentine a 1972, sai daga baya, a 1988, ta kammala digirinta na koyarwa. Siyasarta ma daga ƙasa ta faro, daga hukumar kula da makarantar sakandaren Valentine, inda ta yi shekaru sama da goma har ta zama shugabar ƙungiyar hukumomin makarantu ta jihar. Kada a raina wannan mataki. A karkarar Amurka hukumar makaranta ce ke yanka kaso mafi tsoka na harajin ƙasa, kuma a Nebraska ana ƙiyasta filin noma da kiwo a kan kashi 75 cikin ɗari na darajarsa a kasuwa, a caje shi haraji ko an samu riba a shekarar ko an faɗi. Mai eka dubu goma da 'ya'yansa suka gama makaranta tuni shi ke ɗauke da nauyin ajin 'ya'yan wasu. Duk wanda ya zauna a wannan kujera shekara goma, yana sauraron iyaye masu son ƙarin malamai da masu ƙasa masu kukan haraji, kuma duka yana haɗuwa da su a coci da kantin gari, ya riga ya yi karatun siyasa.

A 2004 ta tsaya takarar majalisar jiha, ta ci da tazarar ƙuri'a ɗari da 'yan kai cikin sama da 16,000 da aka kaɗa. A 2008 babu wanda ya fito ya kara da ita.

Majalisar da ta shiga ba ta da irinta a duk Amurka. Zaure ɗaya ne tak, mai mambobi 49, kowa ana kiransa sanata. Jama'ar jihar ne suka amince da haka a 1934 bisa nacin Sanata George Norris, tsarin ya fara aiki a 1937. A takardar ƙuri'a ba a rubuta jam'iyyar ɗan takara, ba kuma shugaban masu rinjaye da zai kaɗa kan mambobi. Kowa ya san wane ɗan Republican ne wane ɗan Democrat, ba a ɓoye yake ba, amma a aikace rabuwar da ta fi yawan tasowa kan kuɗin makaranta da ruwa da hanya ita ce ta birni da karkara. Kuma karkara kullum raguwa take. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1964 a shari'ar Reynolds da Sims, wanda ya ce ɗan majalisa mutane yake wakilta ba itatuwa ko eka ba, dole kowace mazaɓa ta zama kusan daidai da 'yar'uwarta a yawan jama'a. Gundumomi uku da suka ƙunshi Omaha da Lincoln da kewaye sun kwashe fiye da rabin mutanen jihar. Bayan ƙidayar 2010 aka ɗauke mazaɓa guda daga yamma aka mai da ta gundumar Sarpy kusa da Omaha. Bayan ta 2020 aka sake ɗauke wata. Abin da ya rage a yamma sai ya yi ta kumbura a taswira. Mazaɓar Fischer ta haɗa gundumomi 12 da wani yanki na ta 13, ita ce mafi faɗi a jihar, amma ƙuri'arta ɗaya ce, daidai da ta sanatan da zai zaga tasa mazaɓar a Omaha kafin shayinsa ya huce.

A shekararta ta farko ta ga abin da hakan yake nufi. A 2005 majalisa ta zartar da dokar da ta tilasta wa ƙananan makarantun firamare na karkara masu zaman kansu, wasunsu aji ɗaya ne da malama ɗaya, su narke cikin manyan hukumomin makarantu. Gwamna Dave Heineman ya hau kujerar na-ƙi, majalisa ta tsallake shi. A 2006 jama'a suka soke dokar a ƙuri'ar raba gardama, amma ihu bayan hari ne, don an riga an rushe hukumomin.

Wanda ba shi da yawa sai ya nemi dabara. A irin wannan zaure dabarar ita ce a kama kwamiti, a san ƙa'idojin muhawara kamar yunwar ciki, kuma a iya ƙirga ƙuri'a: 25 ke zartar da ƙudiri, 30 ke tsallake gwamna, 33 ke rufe bakin masu jan magana don kashe lokaci. Fischer ta kama shugabancin kwamitin sufuri da sadarwa. 'Yar injiniyan hanya ce, ba a yi mamaki ba. Daga nan ta fito da aikin da har yau ake danganta sunanta da shi a jihar, wato dokar gina hanyoyi ta 2011.

Matsalar da dokar ta zo magancewa a bayyane take. Da harajin man fetur ake gina hanyoyin jihar, amma motoci sun rage shan mai, kuɗin kwalta da siminti kuma ya hau, sai ya zama abin da ke shigowa faci kawai yake iya yi. Ƙara harajin mai guba ne ga ɗan siyasa mai ra'ayin mazan jiya. Sai Fischer ta bi ta bayan gida: daga harajin saye da sayarwa na jihar, wanda yake kashi 5.5 cikin ɗari, a ware kwata na kashi ɗaya a zuba shi a asusun hanyoyi har shekara 20, farawa daga 2013. Kashi 85 na kuɗin ya tafi manyan hanyoyin jiha, 15 ya tafi birane da gundumomi. Masu adawa, musamman sanatocin birni da masu kare ilimi, suka ce ai wannan zare wa makarantu da kiwon lafiya lomar baki ne, tunda daga tukunya ɗaya ake ɗibar musu, kuma an ɗaure hannun majalisun da za su zo nan gaba. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Amma ta tara ƙuri'un da ake bukata, ta haɗa na karkara da 'yan kasuwar birni da 'yan kwangila masu son manyan tituna, gwamna ya sa hannu. A ganina wannan ne ma'aunin da ya dace a auna ɗan majalisar karkara da shi: ba shi da rinjaye, to me ya iya ƙullawa da waɗanda ba su taɓa taka kashin shanu ba?

Dokar wa'adi, wadda jama'ar jihar suka kafa a 2000, ba ta barin sanata ya wuce zango biyu a jere. Da nata ya zo ƙarewa a 2012, sai ga kujerar Majalisar Dattawa ta tarayya ta faɗo, don Ben Nelson na Democrat ya ce ya haƙura. A zaɓen fid da gwani na Republican ba ita ake kallo ba. Ido yana kan babban lauyan jihar Jon Bruning, mai kuɗi da goyon bayan manya, da ma'ajin jihar Don Stenberg, wanda ƙungiyoyin masu tsattsauran ra'ayi na ƙasa suka mara wa baya. Su biyun suka yi ta yagar juna, faɗan gwaggo a ƙofa, ita kuwa tana gefe tana tallan kanta da hoton shanu da shinge. Saura kwanaki a yi zaɓen, fitacciyar 'yar Republican Sarah Palin ta fito ta goya mata baya, wata ƙungiyar da attajiri Joe Ricketts ke zuba wa kuɗi ta cika talabijin da sukar Bruning. Ranar 15 ga Mayu ta samu kusan kashi 41, Bruning 36, Stenberg 19.

A babban zaɓe ta haɗu da Bob Kerrey, tsohon gwamna, tsohon sanata, gwarzon yaƙin Vietnam da ya rasa wani sashe na ƙafarsa. Rauninsa shi ne ya yi shekara goma a New York yana shugabancin wata jami'a. 'Yar garke a gefe guda, wanda ya dawo daga New York a ɗaya gefen, ai talla ta rubuta kanta. Kerrey ya gane cewa ƙarfinta yana cikin wannan hoto, don haka can ya kai sara, kuma abubuwa biyun da aka tono sun cancanci a tsaya a kansu.

Na farko kiwo a filin gwamnati. Iyalin Fischer suna da izinin sakin shanu a fiye da eka dubu 11 na gandun dajin tarayya na Samuel McKelvie da ke gundumar Cherry. Kuɗin da tarayya ke karɓa a lokacin dala 1.35 ne a wata kan saniya da ɗanta, mafi ƙarancin abin da umarnin Shugaba Reagan na 1986 ya yarda a karɓa. Mai hayar filin maƙwabcinsa a Nebraska yana biyan abin da ya ninka haka fiye da sau goma. 'Yan adawa suka ce ga mai wa'azin rage kashe kuɗin gwamnati tana shan romonta. Masu irin wannan izini suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce: su ke gyara shinge da famfo, jami'an daji ke ƙayyade musu ranar shiga da fita da yawan kai, kuma kiwo da tsari yana rage ciyawar da gobara za ta ci. Duk da haka ni ban ga yadda waɗannan wahalhalu suka cike wannan wawakeken giɓi ba. Rangwame ne, kuma yawancin masu shanu a Amurka ba sa samunsa.

Na biyu rigimar fili. A tsakiyar shekarun 1990 ita da mijinta sun kai wasu dattawan maƙwabtansu kotu kan kusan eka 100 a bakin kogin Snake, suna cewa sun daɗe suna amfani da wurin har doka ta mallaka musu shi. Kotu ba ta ba su gaskiya ba. Ɓangarenta ya ce neman tantance iyaka ne kawai bisa shawarar lauya. Amma a wurin da maƙwabci shi ne motar kashe gobararka, kuma da bazara gida-gida ake bi ana gayya wajen kama maruƙa a ɗora musu lamba da jan ƙarfe, a ci abinci tare a wuce gidan gaba, to a ce wa mutum mugun maƙwabci ya fi a ce masa ɓarawo zafi. Tallan da Kerrey ya yi kan wannan rigima ya rage tazara, bai juya zaɓe ba. Ta ci da kusan kashi 58, ta zama mace ta farko da Nebraska ta zaɓa cikakken zango a Majalisar Dattawa. Abin sha'awa, macen da ta fara riƙe wa jihar wannan kujera, Eva Bowring, wadda aka naɗa na 'yan watanni a 1954, ita ma mai garke ce daga gundumar Cherry.

A wannan rana dai, 6 ga Nuwamba 2012, masu ƙuri'a suka yi watsi da ƙudirin ƙara wa 'yan majalisar jiha albashi zuwa dala 22,500, suka kuma ƙi ƙara musu zango na uku. Ita ta tashi daga 12,000 zuwa 174,000, wanda ya gaje ta ya ci gaba da tuƙin awowi a kan tsohon farashi.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne tufka da warwarar da ke cikin wannan siyasa. Mai kiwo na yammacin Amurka yana alfahari da cewa shi ba ya jiran kowa, kuma in ka ga yadda yake kwana a tsaye cikin sanyi ba za ka ƙaryata shi ba. Amma ƙasarsa gwamnati ce ta kori masu ita ta raba. Wutar lantarkinsa, a Nebraska ma dukkanta ta hukumomin jama'a ce, babu kamfanin riba. Hanyar da tirela ke bi ta kwashi maruƙansa da harajin ɗan birni aka shimfiɗa ta. In fari ya yi, tallafin tarayya yake jira. Wakilinsa nagari shi ne wanda ya iya zagin gwamnati a dandalin kamfe, ya kuma iya tatsarta a ɗakin kwamiti. Fischer ta ƙware a duka biyun, kuma ban faɗi haka don zagi ba. In da za ta tsaya kan wa'azin nata sak, da mutanen Valentine ne za su fara kuka.

Inda na ga ƙarfinta ya gaza shi ne kasuwa. Kamfanoni huɗu, Tyson da JBS da Cargill da National Beef, su ke yanka kusan kashi 85 na shanun da aka turke a Amurka. Bayan gobarar da ta tashi a mayankar Tyson ta Holcomb a Kansas a 2019, da kuma lokacin korona a 2020, farashin nama ya yi sama a kanti yayin da na saniya a tsaye ya faɗi, masu kiwo suka ce da walakin goro a miya. Fischer ta haɗa kai da Chuck Grassley na jam'iyyarta da Jon Tester da Ron Wyden na Democrat suka gabatar da ƙudirin da zai tilasta wa kamfanonin sayen wani kaso na shanu ta hanyar ciniki a fili, a kuma riƙa bayyana sharuɗɗan kwangiloli. Ƙungiyoyin masu shanun kansu suka rabu, wasu na ganin ya yi tsauri, wasu na ganin bai kai ba. Ƙudirin ya wuce kwamiti a 2022, bai zama doka ba. A Lincoln mutum 33 take nema cikin waɗanda take cin abincin rana da su. A Washington lissafin daban ne, kuma kamfanonin nama suna da nasu masu ƙirga ƙuri'a. Galibin tasirinta a can ma a kwamitin harkokin soja yake, inda take kula da batun makaman nukiliya, kasancewar hedkwatar rundunar da ke riƙe da su tana sansanin Offutt kusa da Omaha.

A 2012 ta goyi bayan a taƙaita wa sanatocin tarayya zango biyu, ta kuma ce ita ma a nan za ta tsaya. Ta sake ci a 2018 cikin sauƙi. A 2024 sai ta fito neman na uku, tana mai cewa daɗewa a majalisa ita ke ba ƙaramar jiha murya. Wanda ya tsaya mata a gaba ba ɗan Democrat ba ne, Dan Osborn ne, makanikin masana'anta marar jam'iyya da ya jagoranci yajin aikin ma'aikatan kamfanin Kellogg a Omaha a 2021. Da makaminta na 2012 ya yaƙe ta: shi ne mai datti a hannu, ita ce 'yar Washington. A ranar da Donald Trump ya lashe jihar da tazarar kusan maki 20, Fischer ta tsira da kusan kashi 53 a kan 47. Zangon da take kai zai ƙare a Janairun 2031, tana da shekara 79.